Digiri cikin mako uku, daga wani ɗaki a Gadarif

Kwamfutar da nake wannan rubutu da ita Baba ne ya saya mini a shekarar 2018, lokacin da na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a wata jami'a da ke Hartum, kuma da kuɗin riɗin da ya kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya biya. Tana cikin 'yan kayan da na iya fitowa da su bayan yaƙi ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilu, 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Littattafaina da takardun laccar da na tara duk na baro su a masaukin ɗalibai, wanda a nan Sudan muke kira dahiliyya, bisa zaton cewa bayan salla za mu koma. Na dawo gida ina aji uku, alhali bisa lissafi ya kamata a ce ina dab da kammalawa, domin tun kafin yaƙin ma rufe jami'o'i ya cinye mana mafi yawan shekarar 2019, annobar korona kuma ta ɗauki nata rabon a 2020.

Ana cikin wannan zaman jira ne wani ɗan kawuna da ke karatu a ƙasar waje ya zo ganin gida. Da ya ga yadda ni da ƙanwata muke wuni zugum idan mun gama aikace-aikacen gida, sai ya saka mini wasan The Sims 4 a kwamfutar, tare da ƙunshin ƙari guda ɗaya mai suna Discover University, wanda kacokan ya shafi rayuwar jami'a. Da fari raina bai kwanta da shi ba, domin na ga kamar a nuna wa mai jin yunwa hoton tuwo ne. Amma na shafe fiye da shekara ina buga shi, kuma ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗin inda ya kamo gaskiyar rayuwar ɗalibi da inda ta suɓuce masa.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, The Sims wasan kwamfuta ne mai kwaikwayon rayuwar yau da kullum. Will Wright ne ya ƙirƙiro na farko, wanda ya fito a shekarar 2000, kamfanin Maxis ke haɗa shi, Electronic Arts kuma ke fitar da shi kasuwa. Babu harbi a ciki, babu tsere. Kai ne za ka ƙera mutum, ka zaɓa masa kama da hali da buri, sannan ka riƙa lura da cinsa da barcinsa da tsaftarsa da zagayawarsa da nishaɗinsa da hulɗarsa da jama'a. Na huɗun ya fito a Satumban 2014, kuma tun Oktoban 2022 uwar wasan kyauta ce, ƙunshin ƙari ne ake saya da kuɗi. Discover University ya fito a kwamfuta ranar 15 ga Nuwamba, 2019, sannan ya isa PlayStation 4 da Xbox One a watan Disamba na wannan shekarar. Kafin shi an yi makamantansa biyu, ɗaya a The Sims 2 a 2005, ɗaya a The Sims 3 a 2013. Babu Larabci a cikin harsunan da aka fassara rubutun wasan, balle Hausa, saboda haka da Ingilishi muke bin sa, su kuwa mutanen ciki da wani ƙirƙirarren yare suke magana mai suna Simlish.

Na fara da ƙera wata yarinya baƙa doguwa, na sa mata sunan kakarmu, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a gabashin Sudan, zangon ya zama gida. Sunan nan shi ne nawa na yanka, shi ya sa Baba ba ya kirana sai da Uwata. Na ji daɗi da na tarar da hijabi a cikin tufafin wasan, wanda aka ƙara kyauta a Satumban 2019 lokacin da wasan ya cika shekara biyar, ko da yake babu lafaya irin wadda iyayenmu mata ke yafawa.

Garin da ƙunshin ya zo da shi sunansa Britechester, kuma jami'o'i biyu ne a cikinsa masu hamayya da juna, da unguwar Gibbs Hill a tsakaninsu inda ɗakin karatu na gari yake. Jami'ar Britechester tsohuwa ce mai gine-gine irin na da, launinta kore, tambarinta wani dodo mai fukafukai, kuma ƙarfinta yana wajen harshe da adabi da tarihi da zane da wasan kwaikwayo da sadarwa da girki. Ganinta na farko ya tuna mini da jan bulon Jami'ar Hartum a bakin Shuɗin Nilu, wadda asalinta Kwalejin Gordon ce da aka buɗe a 1902. Cibiyar Foxbury kuwa sabuwa ce fil, gilashi da ƙarfe, launinta ja, tambarinta wani ƙaton jatan lande na teku, ta kuma shahara a kimiyyar kwamfuta da fiziks da ilimin halittu da tattalin arziki da ilimin halayyar ɗan Adam. Fannoni goma sha uku ne gaba ɗaya, har da wani da masu wasan suka sa don raha, wai ilimin mugunta, kuma kowane fanni ana koyar da shi a jami'o'in biyu. Bambancin shi ne kowace jami'a tana da fannonin da take ba da digirin fice a kansu, wanda ya fi digiri na gama-gari daraja da wuyar samu. Ban yi dogon tunani ba na kai takwarata Foxbury, na zaɓa mata abin da ni kaina nake karantawa.

Neman gurbi shi ne wuri na farko da wasan ya sa mu muhawara ni da ƙanwata. Ana cike takardar nema ta kwamfuta ko ta akwatin wasiƙa, a biya simoliyon 75, wato kuɗin cikin wasan, a jira amsa. Abin da ake dubawa kafin a ba mutum gurbin digirin fice shi ne sakamakonsa na sakandare da kuma ƙwarewar da ya tara a abubuwan da suka danganci fannin. Wanda ya daɗe yana koyon rubuta manhaja a gida, ko ya goge a zane ko girki, ana lissafa masa wannan wahalar. Haka ma tallafin karatu: akwai na hazaƙa, akwai na masu ƙaramin ƙarfi, akwai na 'yan wasa, akwai na ƙwarewa a wata sana'a, har da wanda ake ba mutum saboda garin da ya fito. Ƙanwata, wadda a lokacin take zaman jiran jarrabawar Shahadar Sudan, wato ta kammala sakandare, da aka ɗage daga 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamban 2024, ta daɗe tana kallon allon kwamfutar kafin ta ce, “Yaya, ashe akwai inda ɗinkin da na iya zai iya taimakona in shiga jami'a?” A wajenmu adadi ɗaya ne ke yanke hukunci, wato kason da mutum ya ci cikin ɗari, kuma ɗigo ɗaya yana iya raba yarinya da likitancin da ta yi shekaru tana buri. Na gaya mata cewa namu tsarin ma yana da nasa adalcin, tunda ɗan manomi da ɗan attajiri takarda ɗaya suke rubutawa, ta ce ta yarda, amma ba ta fasa ganin cewa mutum ya fi lamba ɗaya faɗi ba. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Inda wasan ya fi ƙarfi a wurina shi ne jadawali. Ana buƙatar cin darussa goma sha biyu kafin a sami digiri. A kowane zango ɗalibi yana iya ɗaukar darasi ɗaya zuwa huɗu, yana iya sa ɗaya daga ciki ya zama na zaɓi daga wajen fanninsa, kuma zango kwana biyar ne na karatu a lissafin wasan. Ke nan mai gaggawa yana iya gamawa cikin mako uku. Kowane darasi yana da ranakunsa da sa'arsa da ba ta motsawa, wasu Litinin da Laraba da Juma'a, wasu Talata da Alhamis, kowanne yana da aikin gida da ake son a gama kafin zama na gaba, kuma kowanne yana ƙarewa da ɗaya daga cikin abu uku: jarrabawa, ko maƙala da za a rubuta a kwamfuta a kuma tace ta kafin a miƙa, ko gabatarwa da ake shiryawa a kan allo, a gyara, a gwada, a nemi ra'ayin wani, sannan a kai. Latti yana rage maki, fashi ya fi ragewa, wanda sakamakonsa ya lalace kuma ana sa shi a matakin gargaɗi. Duk wannan yana gudana ne alhali cikin ɗalibi yana kukan yunwa, idonsa yana neman barci, zuciyarsa tana neman abokin hira.

A zangon farko na ɗaukar wa takwarata darasi huɗu, na kuma shigar da ita ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'a, ina ganin zan iya. Kafin ranar Laraba ta fara yin aikin gida da ƙarfe biyun dare, ta tafi aji ba ta karya ba, ta dawo ta zube a kan kujera. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ta ci darussan da kyar, sakamakon ba na nunawa ba ne. A zango na biyu na rage zuwa uku, na fitar da ita daga ƙwallo, na koyi yin aikin gida da zarar an fito daga aji, na fara maƙala tun ranar farko maimakon daren ƙarshe. Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a kan takardun lacca ana gobe jarrabawa, yana tsoron kada ya faɗa cikin masu mulhaƙ, wato jarrabawar gyara, zai gane wannan matsin a jikinsa.

Wannan matsin shi ne abin da na rasa ban sani ba. Abin da yaƙi ya fara ƙwace wa ɗalibi, tun kafin littattafai, shi ne sanin ranar da ake ciki. A watannin farko na dawowata ba na bambanta Lahadi da Talata, Juma'a kaɗai nake ganewa saboda huɗuba da fitar su Baba masallaci. Sai ga shi wata yarinya ta cikin kwamfuta tana da Litinin, tana da ƙarfe tara na safe, tana da abin da zai lalace idan ba a yi shi yau ba. Wata rana ina lissafa mata sa'o'in barci da na karatu sai na ji kunya ta kama ni, domin na tsara mata makonta tsaf ni kuwa nawa a watse yake. Na yagi takarda na zana wa kaina jadawali na manna a bango: bayan sallar asuba sa'a biyu na maimaita darussan rubuta manhaja muddin akwai caji, da hantsi in koya wa ƙanwata lissafi, wasan kuma sai bayan la'asar. Ko a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasar, jadawalin bai tsaya ba, kuma wasan ma bai tsaya ba, tunda ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi.

Masaukin ɗalibai shi ne abu na biyu da aka yi shi da lura. Ɗalibi yana da zaɓi ya zauna a gidansu, ko ya kama haya, ko ya shiga masaukin jami'a, inda za a haɗa shi da mutanen da bai zaɓa ba kuma ba shi da iko da su. Wani zai bar kwano da ragowar abinci a kan tebur har ya fara wari, wani zai kunna kiɗa kana tsakiyar karatu, wani zai riga ka banɗaki ana saura rabin sa'a a shiga aji, wani kuma zai shigo da abinci ya ajiye wa kowa ba tare da an roƙe shi ba. Ba a yarda da murhun girki a masaukin ba, sai ƙaramin firji da na'urar ɗumama abinci, in kuma ana son abinci mai zafi a tafi zauren ɗalibai. Zo mu zauna zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma waɗanda suka tsara wannan sashe sun san maganar ko da ba su san karin ba. Na yi dariya sosai ranar da takwarata ta tsaya a ƙofar banɗaki tana dira ƙafa, domin na tuna layin bokitai a dahiliyyarmu da asuba idan ruwan famfo ya yi rauni.

Sai dai zaman tare na wasan zaman maƙwabta ne, namu kuwa zaman 'yan ɗaki ɗaya ne. Mu shida muke a ɗakinmu: ni daga Gadarif, ɗaya daga Niyala, biyu daga Jazira, ɗaya daga Dongola, ɗaya daga Kadugli. A farkon wata kowa takan kawo abin da ta samu a haɗa a asusu ɗaya da muke kira mez, daga ciki ake sayen sukari da ganyen shayi da albasa da man riɗi, kuma wadda kuɗinta bai iso ba ba a tambayarta dalili. Idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe sai a koma ga bosh, wato a gutsuttsura burodi a babban kwano, a zuba ruwan ful, wato dafaffen wake, a barbaɗa ɗan cuku da ta'amiyya mai kama da ƙosai in an samu, a kwarara mai, hannu shida su shiga kwano ɗaya. A cikin wasan ko an dafa abinci na mutum takwas, kowa faranti yake ɗauka ya ja gefe. Haka kuma ɗalibin wasan ba shi da 'yan garinsu. Ni kuwa ranar da na sauka Hartum ina barlum, kamar yadda ake kiran sabon ɗalibi a jami'o'inmu, 'yan ƙungiyar ɗaliban jiharmu ne suka tarbe ni suka nuna mini ofishin rajista, wata babbar ɗaliba da ta ji ina waya da Inna da Hausa kuma ta riƙe ni kamar ƙanwarta har ta gama.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne ƙofar aji. Idan lokacin darasi ya yi, takwarata takan hau kekenta, wanda shi ma wannan ƙunshin ne ya kawo shi cikin wasan, ta isa bakin ginin, ta shige ta ɓace, ni kuma a bar ni a waje ina kallon bango da agogo. Masu buga wasan suna kiran irin wannan gini ramin zomo. Iyakar abin da zan iya shi ne in zaɓa mata ta rubuta abin da malami ke faɗa, ko ta yi hira da na kusa da ita, ko ta yi barci. Ba na ganin allo, ba na jin tambaya, malami kuma ya zama wani suna da ake aika wa wasiƙar intanet a tambaye shi yadda maki yake tafiya. Jarrabawa ma a bayan wannan bangon ake yin ta. Abin ya fi damuna da na san ba gazawar fasaha ba ce, domin a ƙunshin jami'a na The Sims 3 ana shiga zauren lacca a ga ɗalibai zaune, kuma a ƙunshin High School Years da ya fito a Yulin 2022 an bar mai wasa ya bi yaro har cikin ajin sakandare. An gina jami'a guda biyu da filayensu da gumakansu da shagunansu, aka rufe wurin da ya sa ake kiran su jami'a. Abin da ya fi zauna mini a rai daga shekaruna na Hartum a cikin aji ya faru, ranar da wani malaminmu dattijo ya tsayar da lacca ya ce in fito in bayyana wa sauran yadda na warware wata matsala, muryata tana rawa, shi kuma ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai har na kai ƙarshe.

Da karatunmu ya dawo, da irin wannan siffar ya dawo. Kamar sauran jami'o'in ƙasar da dama, tamu ta koma koyarwa daga nesa: malami ya naɗi muryarsa daga duk inda gudun hijira ya kai shi, ya tura a Telegram tare da takardun darasi, mu kuma mu saurara idan layi ya samu. Ina yi wa malamanmu addu'a, domin da yawansu sun rasa gidajensu amma ba su yar da mu ba. Duk da haka na san abin da ya ɓace, kuma wasan ne ya fara nuna mini sunansa tun kafin in same shi a zahiri.

Akwai ƙwarewa biyu sababbi da ƙunshin ya kawo, kuma dukansu sun burge ni. Ɗaya ita ce haɗa mutum-mutumi, inda ɗalibi ke tsayawa a teburin aiki yana ƙera ƙananan na'urori masu shara ko gyara ko ban ruwan lambu, wutar lantarki tana jan sa idan ya yi ganganci, har in ya yi nisa ya ƙera Servo, mutum-mutumin da ke zama cikakken ɗan gida. Ɗayar kuwa bincike da muhawara ce, wadda ake koyo a na'urar bincike ta ɗakin karatu da kuma a kan mumbari, kuma Jami'ar Britechester tana da ƙungiyar masu muhawara da ke shirya gasa. Wannan ya kai ni ga tunanin rukunan niƙashi na jami'o'in Sudan, inda ɗalibai ke yin da'ira a ƙarƙashin bishiya, mai magana ya tsaya a tsakiya ya baje hujjojinsa a kan siyasar ƙasa, sannan a buɗe fili ga duk mai ja da shi. A cikin wasan muhawara hanya ce ta tara maki da cin gasa, kuma tunda da Simlish ake yin ta ba wanda ya san abin da ake gardama a kai. A wajenmu kuwa mutane sun sha wuya saboda abin da suka faɗa a waɗannan da'irori, kuma a nan da yawa daga cikinmu suka fara koyon sauraron wanda ba su yarda da shi ba.

Wasu sassan na bar su inda na gan su. Akwai shagalin ɗalibai da ake yi da gangar abin sha da aka laƙaba wa sunan ruwan 'ya'yan itace, wanda kowa ya san abin da yake wakilta. Akwai ajiye wa gunki kyauta don neman sa'ar jarrabawa, da wata ƙungiyar asiri mai hulɗa da wasu ƙananan halittu masu kama da aljanu. Masaukin jami'a kuma maza da mata a haɗe suke, shi ya sa bayan zangon farko na kama wa takwarata haya a Gibbs Hill, na nemo mata 'yan mata biyu su zauna tare suna biyan nasu kason. Wasan bai tilasta wa kowa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma babu masallaci a harabar, babu lokacin salla a jadawali, Juma'a ranar aji ce kamar kowace rana, saboda haka duk wanda ya taso a irin gidajenmu zai ji cewa baƙo ne a Britechester ko da ya sa hijabi.

Batun kuɗi ya nuna ƙasar da aka haifi wasan. Kowane darasi da farashinsa, masauki da nasa, wanda tallafi bai ishe shi ba kuma sai ya ci bashin karatu ya riƙa biya bayan ya gama, idan ya ƙi biya a zo a kwashe masa kayan ɗaki. Tsarin Amurka ke nan, inda bashin ɗalibai yake da ruwa a kansa kuma yake bin mutane shekaru. Wata rana Baba ya zauna kusa da ni yana shan shayi, na bayyana masa wannan, sai ya girgiza kai ya ce, “Uwata, gara in sayar da buhun dawa na ƙarshe da in ga kin fara rayuwa da bashi a wuya.” Tun daga ranar ban sake ɗaukar wa kowane ɗalibi bashi a wasan ba, sai dai ya nemi tallafi ko ya yi zane ya sayar.

Abin da ke biyo bayan digiri kuwa shi ne inda wasan ya fi nisa da mu. Wanda ya gama yana ɗaga waya ya zaɓi aiki a fanninsa, a ɗauke shi nan take a babban mataki, da albashi mai tsoka da kyautar fara aiki, kuma mai digirin fice da sakamako mai kyau ya fi kowa samu. Ƙunshin ya ma ƙara sana'o'i uku, koyarwa da injiniyanci da aikin lauya. Babu hidimar ƙasa, babu yawon kai takardu ofis-ofis, babu injiniyan da ke tuƙa rakasha, wato babur mai ƙafa uku, yana jiran bizar Saudiyya. Ban ɗauki wannan laifi ba, domin wasa ne, kuma akwai ranakun da wannan tabbacin shi ne ainihin abin da nake buƙatar gani: a yi wahala, a ga sakamako, babu abin da ya gitta a tsakani.

Bikin yaye ɗalibai na gan shi sau da yawa. Ƙanwata ta ƙera nata ɗaliban, ta yaye ɗaya a fannin zane, ɗaya a ilimin halittu, mun kalle su da riga da hula a harabar jami'a suna murna, ita kuma tana rangaɗa guɗa a hankali don kada ta tashi Inna daga barci. Ni ma na yaye wasu. Amma takwarata ta farko tana nan inda na bar ta. Ta ci darasi huɗu, ta ci uku, ta sake cin uku, ta shiga zangon ƙarshe da biyu, ta miƙa maƙalarta, kuma na adana wasan a daren Alhamis tana zaune a teburinta da littafi a buɗe, gobe jarrabawar ƙarshe. Ban sake buɗe wannan ajiyar ba, domin ban so ta riga ni.

Jami'armu ta sanar da cewa za mu rubuta jarrabawar wannan zangon a wata cibiya a Kasala, kuma biyu daga cikin 'yan ɗakinmu sun ce za su zo, wannan ne karon farko da za mu haɗu tun ranar da muka rabu a tashar mota. Jiya ina shirya jaka ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Yaya, ita kuma waccan yaushe za ki bar ta ta rubuta tata?” Na ce mata saura zango biyu da aikin kammalawa, in Allah ya yarda, kuma ranar da na miƙa nawa ita za ta zauna a gaban kwamfutar ta raka ta har bakin ƙofar aji. Na sa cajar a aljihun gefe, na ɗora takardun lacca a sama don in riƙa dubawa a mota.